EKKLESIYAR DA RAIRAYI YA BINNE

Jawabin malamai da almajiran makarantar Littafi a taron jubili

 Yau ranar murna ce, gama shekara 50 ke nan Allah yana riƙe da aikinsa a tsakaninmu. An ba mu zarafi mu kawo muku labarin tafiyar karatu da muka yi zuwa hamadar ƙasar Sudan, mu kuma faɗi abin da muka koyo can. A cikin labarin akwai abin farin ciki, akwai kuma abin da zai sa jiki ya yi sanyi. Muna roƙo ku kasa kunne ga duka biyu.

Ga dalilin tafiyar. Sa'ad da mu ke koyon tarihin ekklesiya a makaranta, mu kan tashi daga Urushalima, mu bi ta Antakiya da Roma, sa'an nan mu shiga Turai. Amma akwai wata ekklesiya ta baƙar fata, a bakin Kogin Nilu, kudu da Masar, a ƙasar da a ke kira Nubiya, wadda ta zauna fiye da shekara 900, ta kuwa shuɗe har ba ta bar ko taron jama'a ɗaya ba. Muka ce gani ya kori ji, bari mu je mu duba kufanta da idonmu. Mun tafi lokacin sanyi, kafin yaƙin da ya tashi a Sudan cikin watan Afrilu na 2023. Mu 15 ne, almajirai 12 da malamai 3. Ka'idarmu ita ce, kowane wuri muka sauka sai mu karanta nassin da ya shafe shi, da dare kuwa kowane almajiri ya rubuta abin da ya gani.

Muka sauka Khartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu su ke gamuwa. A kasuwar Omdurman, a ƙetaren kogi, muka ji Hausa a bakin masu gasa nama, jikokin mutanenmu ne waɗanda suka bi hanyar gabas tun zamanin tafiyar ƙasa, suka zauna can. Naman nan mai ƙuli da yaji mutanen Sudan suna ce da shi agashe, sunan kuwa daga bakinmu ya fito. Daga nan muka ɗauki mai ja mana gora, wani dattijo Musulmi mai sanin tarihin ƙasarsa, wanda ya riƙe mu da mutunci tun daga fari har ƙarshe.

Zangonmu na fari Merowi ta dā ce, wadda Turawa su ke rubutawa Meroe, wajen kilomita 200 arewa da Khartum. Nan ne babban birnin mulkin Kush. Abin da ya fara bayyana daga nesa shi ne kaburburan sarakuna, an gina su da dutse, ƙasa da faɗi, sama da tsini, kamar dalar gyaɗa, jere bisa tudun jan rairayi. Da yawa kawunansu a rushe su ke, gama a shekara ta 1834 wani Ba'italiye mai suna Ferlini ya farfasa su yana neman zinariya. Muka zauna a inuwar ɗaya muka karanta Ayyukan Manzanni sura 8, labarin ma'ajin sarauniya wanda Filibus ya tarar cikin karusarsa yana karatun annabi Ishaya. Sunan nan Kandake da a ke kiran sarauniyar da shi, sarauta ce ta matan gidan mulkin Merowi, kamar yadda mu ke cewa Magajiya ko Iya. Ashe mutumin nan da aka yi wa baftisma a hanyar Gaza, nan ne ƙasarsa. Muka roƙi almajirai su lura da abu ɗaya cikin labarin. Mutumin yana da Littafi a hannu, ya kuma iya karatu, duk da haka sai da Allah ya aiko masa da mai fassara. Ku ma ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Merowi muka haura zuwa Atbara, muka ƙetare kogi, muka ratsa hamadar Bayuda. Ƙasa ce ta baƙin duwatsu da ƙaya, irin wadda mutanenmu na arewa suka sani. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne randunan ruwa da mutanen ƙasar su ke ajiyewa a bakin hanya ƙarƙashin rumfa, kowane matafiyi ya sha kyauta, ba mai tambayarsa ko shi wane ne. Muka fito Karima, gindin dutsen Barkal, wanda mutanen dā su ke yi wa sujada. A ƙetaren kogi, a Nuri, akwai dalar sarki Tirhaka, wanda ya mallaki Kush da Masar gaba ɗaya daga shekara ta 690 zuwa 664 kafin haihuwar Ubangijinmu. Sunansa yana cikin Sarakuna na Biyu sura 19 da Ishaya sura 37, a labarin Hezekiya da Sennakerib. Almajirai suka buɗe wurin suka sa yatsa a kan sunan, ga kuma kabarin mai sunan a gabansu.

Mulkin Merowi ya faɗi wajen shekara ta 350. A bayansa aka sami mulki uku a bakin Nilu: Nobatiya a arewa, babban birninta Faras, Makuriya a tsakiya, babban birninta Dongola, da Alwa a kudu, babban birninta Soba. Wajen shekara ta 543 Tiyodora, matar sarkin Rum, ta aiko da wani firist mai suna Yuliyanus zuwa Nobatiya. Mai tarihin zamanin, Yohanna na Afisus, ya ba da labari cewa zafin ƙasar ya sa Yuliyanus ya kan wuni cikin kogo mai ruwa, amma ya jimre shekara biyu, sarki da fadawansa suka karɓi baftisma. Makuriya ta bi baya ba da daɗewa ba. A shekara ta 580 bishop Longinus ya ratsa hamada da wahala mai yawa, raƙumansa suna mutuwa a hanya, har ya kai Alwa, sarkinta kuwa ya ba da gaskiya.

'Yan'uwa, ku auna shekarun nan. Mai bisharar da Roma ta aika wa Ingilishi, watau Agustin, a shekara ta 597 ya sauka ƙasarsu. Kafin nan an riga an yi shekara 50 ana kiran sunan Yesu a fadar Faras. Idan wani ya yi muku gori, ya ce kun bar hanyar kakanni kun bi addinin Bature, ku amsa masa da tawali'u, ku ba shi labarin Nubiya.

Kusa da Karima, wajen kilomita 15 daga kogi, cikin wani kwari na hamada, akwai kangon Ghazali. Gidan ibada ne na maza waɗanda suka keɓe kansu ba aure, domin addu'a da aiki. An gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 7, aka bar shi cikin ƙarni na 13. Muka shiga ɗakin sujadarsu, rufin ya tafi, bango yana tsaye. Muka ga ɗakin cin abinci inda aka gina wuraren zama a kewaye, domin su ci daga akushi ɗaya kamar yadda mu ke yi. A waje ga tarin kashin maƙera inda a ke narka tama, ga kuma makabarta. Ba dukan al'adunsu ne irin namu ba, ba mu kuwa ce a koma gare su ba. Amma mutane ne da suka kira sunan Kristi safe da yamma a wurin nan shekara ɗaruruwa. Aka gaya mana duwatsun kaburburansu da Helenanci da Kibɗanci aka rubuta yawancinsu. Wani almajiri ya ce, "Malam, to, uwar mamacin da wane harshe ta yi kuka?" Malaminsa ya ce, "Da nata, ɗana. Rubuta tambayar nan cikin littafinka."

Sa'an nan muka bi kogi zuwa Tsohuwar Dongola, wajen kilomita 80 kudu da Dongola ta yanzu. Birni ne bisa tudu a gabashin Nilu, rairayi ya ci rabinsa, ƙasa duk tsingaro. Masu tonon kufai daga ƙasar Polan sun fara aiki a wurin a 1964. Muka tsaya tsakanin ginshiƙan dutse na wani babban ɗakin sujada, alamar gicciye tana bisa kawunansu har yanzu. A gidan ibada na bayan birni akwai kabarin babban bishop Jojiyos, wanda ya rasu a 1113, an rufe bangon kabarin da rubutu, har da farko da ƙarshen kowace Bishara huɗu. Kusa kuma, a Banganarti, akwai ɗakin sujada inda masu ziyara suka karce sunayensu da addu'o'insu a bango, wajen rubutu 1,000.

A Dongola ne muka koyi abin da ya fi ba mu mamaki. A shekara ta 652 rundunar Larabawa daga Masar, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad, ta kewaye birnin nan, ba ta kuwa ci shi ba. Maharban Nubiya gwanaye ne, har Larabawa suka sa musu suna masu harbin ƙwayar ido. Aka yi sulhu da a ke kira Baƙt, wanda ya zauna wajen shekara 600. A 836 ɗan sarkin Makuriya ya tafi har Bagadaza, Halifa ya karɓe shi da girma. Amma cikin sulhun nan akwai abin kunya, gama an rubuta Nubiya za ta riƙa ba da bayi 360 kowace shekara, a ba ta hatsi da tufafi. Mulki mai ɗauke da gicciye ya sayi zaman lafiyarsa da 'ya'yan mutane. Ba mu ɓoye wa almajirai wannan ba.

To, idan yaƙin 652 bai kashe ekklesiyar nan ba, me ya kashe ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Cikin ƙarni na 13 'ya'yan sarautar Dongola suka shiga jayayya a kan gadon mulki. Wanda aka kayar ya kan gudu Masar ya roƙi rundunar Mamalik, su zo su naɗa shi, su koma da ganima. Haka aka yi a 1276, aka kuma yi ta yi bayan haka. Makiyayan Larabawa suna shigowa da garkunansu, suna auren 'ya'yan manya, al'adar Nubiya kuwa ɗan 'yar'uwar sarki shi ke gado, da haka sarauta ta koma wani gida. A bisa tudun Dongola akwai wani dogon soro mai hawa biyu wanda a ke ce zauren sarauta ne. Cikinsa akwai dutse mai rubutun Larabci da ya nuna an mai da shi masallaci a 1317. Wajen 1365 gidan sarauta ya bar birnin. Tun da ya ke ekklesiyar ta jingina da fada, sarki ne mai gina mata, shi ne mai tsaronta, da fada ta rushe sai ta rasa madogara.

Akwai kuma wani rauni. Bishop na Nubiya, ko da ɗan ƙasa ne, sai babban uban ekklesiya na Iskandariya ta Masar ya keɓe shi. A Ƙasar Ibrim an tono kabarin bishop Timotawus, tare da takardun naɗinsa na wajen 1372, da Kibɗanci da Larabci. Sa'ad da hanyar Masar ta toshe, bishop ya mutu ba magaji, firist ya mutu ba mai keɓe wani. Sun dai rubuta harshensu tun wajen ƙarni na 8, an kuwa sami sassan Zabura, da na Bishara, da na wasiƙun manzanni, da na Ru'ya ta Yohanna cikin harshen Nubiya. Wannan abin yabo ne. Amma Helenanci ya riƙe babban wuri cikin sujada har ƙarshe, karatu kuma yawancinsa a hannun ma'aikatan ekklesiya da na fada ya ke. Manomi mai ban ruwan dabino, da matarsa, abin da suka ji ran Lahadi shi ke nan guzurinsu. Takarda ta ƙarshe da ta ambaci sarki Krista a Nubiya, sarki Yowel, ta shekara ta 1484 ce. Daga 543 zuwa 1484 shekara 941 ke nan, watau jubili irin namu 18 da ɗoriya.

Da muka komo Khartum muka shiga gidan kayan tarihi, muka ga zanen Faras. Faras kanta tana ƙarƙashin ruwa yanzu, sabo da madatsar Aswan. Kafin ruwa ya ci ta, daga 1961 zuwa 1964, masu tono na Polan ƙarƙashin Mikalowski suka haƙa wani tudu, sai ga babban ɗakin sujada cike da rairayi har wuya. Rairayin da ya binne shi, shi ne ya tsare zanen bangonsa, fiye da 150. Aka ɓamɓare da yawa, aka raba tsakanin Khartum da Warso. An kuma sami jerin sunayen bishop 28 a bango. Mun daɗe tsaye gaban zanen Shadrak da Meshak da Abednego cikin tanderun wuta, mala'ika ya buɗe fikafikansa bisansu, muka karanta Daniyel sura 3. Muka ga sarakuna da shugabannin ekklesiya an zana su da baƙar fata irin tamu.

Zango na ƙarshe Soba ce, a bakin Shuɗin Nilu, wajen kilomita 20 daga Khartum. Wani Balarabe, Ibn Sulaim na Aswan, wanda ya rubuta labarin Nubiya cikin ƙarni na 10, ya yabi gine-ginenta da lambunanta da ɗakunan sujadarta masu zinariya. Mu kuwa fili muka tarar, da tuddai, da gutsattsarin jan tubali, gama cikin ƙarni na 19 an kwashe tubalinta an gina Khartum da shi. A filin nan muka zauna aka ba almajirai labarin da ya kawo mu.

Wani firist na Fotugal, Alfares, ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526. Ya rubuta cewa yana can sai ga mutum 6 sun zo daga Nubiya wurin sarkin Habasha, suna roƙo a ba su firistoci da malamai da za su koya musu. Sarki bai ba su ba. Hujjarsa ita ce shi ma daga Masar a ke aiko masa da nasa bishop. Mutanen nan 6 suka juya hannu wofi. Alfares ya kuma ji daga bakin wani matafiyi cewa akwai ɗakunan sujada wajen 150 a ƙasar, da gicciye a ciki, mutane kuwa suna marmarin zama Krista amma ba mai nuna musu hanya.

Ku tuna da ma'ajin nan na Kandake. Shi yana da Littafi, Allah ya aiko masa Filibus. Bayan shekara kusan 1,500 mutanen kogin nan guda suka fita neman Filibus da ƙafarsu, ba su samu ba. Ɗakuna suna tsaye, zane yana bango, mai koyarwa ne babu. Har cikin ƙarni na 20 masu bincike sun tarar da waɗansu ƙauyukan Nubiya ana zana gicciye a bango, ana kai jariri kogi a wanke masa fuska, ba wanda ya tuna da mafarin al'adar.

Ya ku ƙaunatattu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekararmu 50 kaɗai. Masu shekara 900 sun shuɗe, kada mu ce namu ba zai taɓu ba. Ubangiji ya yi alkawari ekklesiyarsa ba za ta ƙare a duniya ba, amma cikin Ru'ya ta Yohanna sura 2 ya gargaɗi ekklesiyar Afisus cewa fitilar wuri ɗaya tana iya kawuwa. Sabo da haka muna da roƙo uku a gare ku.

Na fari, gare ku iyaye. Littafi Mai Tsarki dukansa yana cikin Hausa tun 1932, abin da talakan Nubiya bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Kada ya kwana cikin akwati daga Lahadi zuwa Lahadi. A karanta shi a tsakar gida bayan tuwon dare, a koya wa yara mata karatu daidai da maza, tsohuwar da ba ta iya ba jikanta ya karanta mata. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na biyu, gare ku dattawa. Kowane pasto da kowane mai bishara ya duba bayansa ya ga ko akwai wanda ya ke tasowa. Bulus ya umurci Timotawus, cikin wasiƙarsa ta biyu sura 2, ya danƙa abin da ya koya ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa waɗansu. Waɗanda suka kawo mana bishara mun gode musu, Allah ya sāka musu, amma kada mu zauna jiran jirgi ya kawo mana malami, kada kuma mu jingina da mai mulki ko mai kuɗi. Idan an yi girbi, a fid da damin makarantar Littafi tare da na gida. Idan yaro mai hankali ya ce Allah ya kira shi, kada a ce masa aikin nan ba ya cika rumbu.

Na uku, gare mu duka. Akwai ƙauyuka kewaye da mu inda masu bi 5 ko 10 su ke taruwa ƙarƙashin itace ba mai koya musu. Sun sha aiko mana. Duk ran da manzanninsu suka tsaya a ƙofarmu, mutanen nan 6 ne suka sake zuwa. Kada mu ba su amsar sarkin Habasha, mu ce mu ma ba mu da isassu. A raba abin da ke akwai.

Ku kuma tuna da Sudan cikin addu'a. Yaƙin da ya tashi a 2023 ya raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu, da yawa sun ƙetara zuwa Cadi, an kuma washe gidan kayan tarihin nan da muka shiga. Akwai 'yan'uwanmu masu bi a ƙasar, akwai Hausawa danginmu, akwai masu ajiye randa a bakin hanya domin baƙo. Allah ya ba su salama.

Ubangiji wanda ya riƙe mu shekara 50, shi ba mu aminci mu miƙa abin da muka karɓa, domin idan ya yi jinkirin zuwa, jikokinmu su taru a wurin nan su yi nasu jubili da Littafi a buɗe a hannunsu. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi shi zauna tare da ku duka. Amin.